Basillar Baban Nana

A gidanmu na Kankara babu mai kiran sunan mijina. Ni matarsa ce, bakina bai taɓa ɗaukarsa ba, Baban Nana nake ce masa tun da muka samu 'yarmu Nana Aisha. Surukina kuwa, Baba, mijin nawa ɗan farinsa ne, kuma kun san mutanen da da kunyar ɗan fari. Ko lokacin da yake nan, in Baba zai yi zancensa sai ya ce "wancan". Uwar mijin nawa ta rasu tun muna Damari, kafin rashin zaman lafiya ya koro mu. Saboda haka ranar da mutanen daji suka tare motar masara a hanyar Faskari suka shige da shi, sunan ma sai ya bi shi.

Sau ɗaya suka kira, daga nan wayar ta daina shiga. Aka yi girbi, aka sake wani, ba gawa ba labari. Yayana ya fara sintiri daga Sabuwa, wai in je gaban alƙali a raba auren, da sauran ƙuruciyata. Kullum in ce masa ya bari sai bayan salla. Baba bai taɓa sa baki ba. Zai fita masallaci da asuba, ba zai dawo ba sai rana ta ɗaga, ya zauna a zaure da carbinsa. In na durƙusa daga nesa na gaishe shi, "Lahiya lau" ne kawai. Ban taɓa ganin ƙwalla a idonsa ba. Wallahi haushinsa nake ji, ina cewa a raina wannan tsoho ko akuya ce ta ɓata masa ai ya cigita.

Ana haka sai maganar fatalwa ta ɓullo a siton hatsin da mijina yake aiki, can bayan kasuwa. Shi mai ɗinkin buhu ne. Maƙwabciyata Hafiza tana cikin matan da ke sheƙar masara a wurin, kuma cikinta ba ya riƙe magana. Ta leƙo ta katanga ta ce, "Suwaibatu, kada ki ce ni na hwaɗa maki. Buhunan da aka bari baki buɗe da marece, da sahe sai a iske su a ɗinke. 'Yan dako sun rantse ɗinkin Badamasi ne."

Gabana ya faɗi, amma ba fatalwar ce ta kayar da shi ba. Na daɗe ban ji sunan nan ya fito daga bakin mutum ba. Na shige ɗaki na zauna ina ta juya shi a kunnena.

Mata biyu suka ajiye aikin don tsoro. Na ce Hafiza ta kai ni, mai siton ya ɗauke ni ba tare da ya tambayi ko matar waye ba.

Ban taɓa ganin wurin da ƙarya take girma da sauri irin siton nan ba. Wannan ta ga farin mayafi yana wucewa bayan tarin dawa. Waccan ta ji tari. Wani ƙato ɗan dako da ke ɗaukar buhu kamar matashin kai ya ce an hura masa iska a ƙeya, tun daga nan ba ya shiga lungun baya sai da rakiya. Wani malami ya ce matattu ba sa dawowa, aikin aljanu ne, sai tsoron ya ƙaru maimakon ya ragu. Kowa sai ya tsaya a ƙofa ya yi bisimilla da ƙarfi kafin ya sa ƙafa. Ni ma kada ku ɗauka jaruma ce. Ran nan kyanwa ta diro daga saman buhuna, na watsar da faifai na fita da gudu, takalmina ɗaya sai Hafiza ce ta ɗauko mini tana dariya har da hawaye.

Duk da haka kullum ni ce ta farkon zuwa. Matan da suka gane ni sukan yi ƙasa da murya, amma ba sa iya dainawa. Badamasi ya yi, Badamasi ya bari, suna faɗa suna dafe ƙirji. Ni kuwa in sunkuyar da kai ina sheƙa, ƙaiƙayi yana shiga idona, ina tsintar sunan a bakinsu. Kewarsa nake yi, kewar da ba ni da wanda zan gaya wa. A nan kaɗai ake maganarsa kamar mutumin da zai iya shigowa.

Na duba ɗinkin da idona. Kowane maɗinki da hannunsa. Shi yakan tsuke bakin buhu sosai, ya naɗe kunnen hagu, ya bar jelar zare kamar tsawon yatsa, wai don mai kwancewa kada ya nemi wuƙa. Na shafa, na ja jelar. Nasa ne, ko a mafarki na gani zan gane.

Daga nan barci ya ƙaurace mini. In fatalwa ce, to ya mutu ke nan, sai in shiga takaba in bi yayana. In kuwa ba fatalwa ba ce, hannun da ya yi ɗinkin nan da rai. Na san mutanen da suka kuɓuto daga daji hankalinsu bai dawo tare da su ba, suna ɓuya har daga iyalinsu. Na aika wa yayana cewa ya ba ni ɗan lokaci, akwai abin da zan gani, bayan nan duk abin da ya ce zan yi.

Wata yamma na cika buhu da masarar da na sheƙe, na jingine shi a lungun bayan nan, na bar bakinsa a buɗe. Da na idar da sallar asuba na bar Nana wurin Hafiza na fita. Gari ya fara haske, masu koko suna hura wuta. Maigadin siton, wani dattijo, yana ganina ya miƙe kamar zai hana ni, sai kuma ya kawar da kai ya koma kan bencinsa.

Ƙofar a sakaye take. Duk tatsuniyoyin da na yi wa dariya a rana suka dawo mini. Na karanta abin da na iya na shiga. Daga lungun nake jin ƙarar, huda, ja, huda, ja. Na bi tsakanin buhuna har na hango shi. Mutum ne a durƙushe ya ba ni baya, ya danne buhun da gwiwa, kafaɗar dama ta ɗan karkace. Kafaɗar nan na sani. Na sha kallonta yana alwala a tsakar gida.

Tsoro ya tafi, kunya ta tafi. Tun da aka kawo ni ɗakinsa ban taɓa yi ba, amma na buɗe baki na kira shi da ƙarfi.

"Badamasi!"

Hannun ya tsaya. Mutumin ya juyo a hankali. Farin gemu na fara gani.

Na zube a ƙasa na ja mayafi na rufe fuska. Ba shi ba ne, wannan ya isa ya kashe ni. Ga shi kuma na kira sunan miji gatsal a gaban mahaifinsa. Na so ƙasa ta buɗe. Na fashe da kukan da na daɗe ina haɗiyewa, ina cewa, "Baba, ka yahe mani, ban san kai ne ba."

Da ya yi magana, buhun yake kallo.

"Ni na koya mashi, tun shina yaro," in ji shi. Ya ɗaga doguwar allurar, tana sheƙi. "Basillarshi ce. Ƙarhe in an aje shi tsatsa yake yi. Ba ni so shi dawo shi iske ta ci tsatsa."

Shi dawo. Ashe duk safiyar da nake zaton yana masallaci yana jan carbi, a nan yake ƙarasa ta. Gida ɗaya muke, jira ɗaya muke yi, kunya ta hana kowa sanin na ɗan'uwansa. A nan durƙushe na san amsar da zan ba yayana.

Na ga bakin buhun yana zame masa. Na matsa, abin da ban taɓa yi ba, na kama kunnuwan biyu na riƙe masa. Ya soka basillar, ya ja zaren, ya sake tsayawa. Hawaye yana bin gemunsa yana ɗiga a kan masarar.

"Ɗiyata," ya ce, murya ƙasa ƙasa. "Abin da kika kira ɗazun. Sake hwaɗi in ji."

Na sake faɗa. Ya runtse ido ya gyaɗa kai, ya ci gaba da ɗinkin.