Alfadari a Ƙofar Malam Makluf

A unguwar Yahudawa ta Tingir ba mai hura wuta ranar Asabar. Tun Juma'a da la'asar kowace mace ke liƙe bakin tukunyarta da ƙullu, ta kai tanderun Yamin, ta kwana can cikin garwashi. Da haka Yamin ke ci da iyalinsa, har ranar da attajiri Murdukai ya gina sabon tanderu, amma mata suka ƙi zuwa nasa, aka bar Murdukai da ƙudaje.

Sai Murdukai ya aika wa Malam Makluf, malamin majami'a, da 'yar buƙata. In ya tashi wa'azi ranar Asabar, ya ɗan taɓa cewa ana raɗe-raɗin Yamin na ƙara itace a ranar hutu. Kalma ɗaya daga bakin Malam, shi ke nan, ba tukunyar da za ta sake shiga wurin Yamin. Malam ya ce bai taɓa gani ba, ba zai faɗa ba, ya kuma yi ta jin daɗin kansa har washegari.

Ranar Alhamis 'yan aiken Murdukai suka dawo, wannan karon da alfadari. Kai, dabba ce ta gani ta faɗa, jiki sumul, ga sirdi ja. Shi kuwa Malam da ƙafa yake hawa ƙauyukan kan dutse yin yanka da kaciya, gwiwoyinsa kuma sun daɗe da yi masa tawaye. Ya shafa wuyan dabbar, ya ce su ɗaure ta nan, zai kwana da maganar.

"Wace maganar?" in ji matarsa Fareha daga bakin ƙofa. "Ba ka ba su amsa ba?"

"Ke dai ki ji da tukunyarki. Sha'anin ilimi ne, sai an sake dubawa."

Karatun makon kuwa ya faɗo kan annabin nan da wani sarki ya aika wa da alkawarin lada, ya zo ya tsine wa Bani Isra'ila. Akwai wurin da ya daɗe yana ɗaure wa Malam kai. Da farko Allah ya ce wa annabin kada ya je. 'Yan aike suka dawo da alkawari mafi tsoka, ya sake tambaya, aka ce ya tafi. Da ya tafi kuma aka yi fushi da shi, har jakarsa ta tsaya cak a hanya ta ƙi gaba. To in an ba shi izini, fushin na mene ne? Malam ya buɗe wannan sharhi ya rufe wancan, amma rabin hankalinsa na tsakar gida inda alfadari ke taunar sha'ir. Kafin rana ta faɗi ranar Juma'a ya shawo kan kansa: ai ba cewa zai yi Yamin ya yi ba, cewa zai yi ana faɗa.

Asabar da hantsi ya dawo daga addu'a da yunwa kamar ya ci babu. Fareha ta dire tukunya, ta fasa ƙullun. Ƙanshin naman da ya kwana yana narkewa cikin alkama da wake ya cika ɗaki, ga ƙwai sun yi ja har ciki. Malam ya sa wa abincin albarka, ya miƙa hannu. Ta janye akushin.

"Maigida, daga tanderun Yamin take fa."

"To?"

"To in an ƙara mata itace yau, ba ta ciyuwa. Kai ne malami, ka faɗa mini. In zubar?"

Malam ya matsa dama, ta matsa da akushin hagu. Ya zagayo, ta sa gwiwar hannu ta tare.

"Fareha, ba ki da tausayi?"

"Ina da shi, shi ya sa nake kare ka daga haram."

"Halal ce, baiwar Allah! Tun kafin a haifi ɗanmu na fari muke cin tukunyar mutumin nan. Ko ashana ba ya taɓawa ran Asabar, ni na sani."

"Ashe ka sani," ta ce, ta tura masa akushin.

Ya kai loma biyu, a ta uku hannunsa ya tsaya. Kunya ta rufe shi, sai kuma dariya ta ƙwace masa, har da hawaye. Ya ce ya gane wurin nan, ya gane! Annabin ma ya sani tun amsar farko. Sai da jaka ta tare...

"Ka ƙarasa," in ji Fareha. "Wace ce jakar?"

Malam ya cika baki da ƙwai, bai ƙarasa ba.

Da la'asar majami'a ta cika. Murdukai na sahun gaba, yana shafa gemu. Malam ya jefa tambayar, ya bar tsofaffi suka yi ta cacar baki yadda suka saba, sannan ya ɗaga hannu.

"Jama'a, an gaya wa annabin nan a'a, ya ji sarai. Abin da ya canja tsakanin tambayar farko da ta biyu girman lada ne kawai. Mai irin wannan tambaya, Allah kan sakar masa hanya, amma sakin hanya ba yarda ba ce." Ya gyara mayafinsa. "Af, kafin in manta. Wanda ya ci tukunya mai daɗi yau, ya yi wa Yamin addu'a. Ban san mai kiyaye Asabar kamarsa ba."

Majami'a ta amsa da amin. Murdukai ya so ya kwance dabbarsa nan take, amma ranar hutu ce, dole ya haɗiye fushinsa ya jira taurari su fito, Asabar ta ƙare.

Malam na tsaye a ƙofa yana kallon ana jan alfadarin, zuciyarsa na ɗan sosuwa, gaskiya, sai ga Yamin, fuska fal murna, bai san komai ba.

"Malam, na gode da addu'a. Amma wa'azin nan, da ji da wani kake. Wane ne? Na san shi?"

"Ka san shi, a gabanka yake tsaye," in ji Malam Makluf. "Ni ne dai sai yau muka gaisa da shi."