Hutun Mai Taru

Tun kafin a haifi 'yarsa ta fari Mai Taru yake shiga ruwa. Jirginsa na katako ne, inji a baya, akwatin ƙanƙara a tsakiya, kuma masu sarin kifi sun san ƙarar injin nan tun daga nesa. Da girma ya kama shi, sai gwiwarsa ta hagu ta fara ƙin jan taru. 'Yar tasa, wadda take aikin jinya, ta duba ƙafar, ta tara ƙannenta, suka yanke shawara ya huta haka nan, su za su riƙe gidan. Ya damƙa jirgin a hannun Gajere, abokin aikinsa tun suna samari, ya dawo gida yana murmushin dole.

Hutun bai karɓe shi ba. Da sassafe sai ya tsaya tsakar gida ya ƙura wa sama ido, ya sanar da matarsa iska za ta juya kafin rana ta take, ita kuwa wanki kawai take son shanyawa. Ya sake ɗaure igiyar shanya da ƙullin masunta, wanda ba mai iya kwancewa sai shi. Ya shafe ƙofar kicin da ragowar fentin jirgi. In ta sayo kifi a kasuwa, sai ya duba idonsa, ya shinshina, ya ce wannan ya manta ranar da ya ga ruwa.

Ranar da ta tarar ya saƙa raga ya lulluɓe kajinta, suna ta kuka a ciki, sai ta yafa mayafi. Ta nufi bakin ruwa. Ta sami Gajere yana gyaran taru, fuska a murtuke. Ya ce kifi dai ana samu, amma jirgin ya yi shiru, ba wanda zai yi musu da shi.

Ta ce, "To don Allah zo ka ɗauki abokinka, kafin ya ɗaura wa gadona inji."

Suka shirya cewa Mai Taru zai riƙe inji ne kawai, ja kuma na sauran ma'aikata ne.

Labari bai daɗe ba ya kai kunnen 'yar. Daga asibiti ta wuce bakin ruwa da fararen kayanta, ta tsaya cikin masu sarin kifi da darukansu tana jira. Jirgin ya iso a cike. Ga mahaifinta a baya, ya miƙe ƙafa kan tulin igiya, yana ta ba da umarni, Gajere yana ce masa ya rufa wa mutane baki.

"Baba, haka muka yi da kai?"

"Ai hutawa nake, 'yar nan. A zaune na tafi, a zaune na dawo."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Nan ta durƙusa ta mammatsa gwiwar, ta ga kumburin bai ƙaru ba. Ta gindaya masa sharaɗi: ba ja, ba fita in iska ta yi ƙarfi, kuma Gajere ne ɗan sanda. Gajere ya karɓi muƙamin da murna, ya ce ya daɗe yana neman damar ba shi oda.

Mai Taru ya zaɓo kifi mafi girma ya ce ta kai wa mijinta. Ta riƙe shi ta wutsiya, nesa da rigarta, ta nufi titi neman mota.