Tiren da Baba Ya Juya

Su huɗu ne a gidan. Baba tela ne, shagonsa na bakin titi. Mama nas ce a wani asibiti can ƙarshen gari. Sai 'ya'yansu mata biyu, Yaya mai shekara goma sha uku da Auta mai bakwai. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da suka rasa shi ne Mama da safe. Tun da aka mai da ita aikin safe, ƙarfe biyar da rabi take fita, yara na barci. Da can ita ke zaunar da Auta, ta fifita mata shayi, ta tsaya a kanta har ta cinye abin karyawa. Yanzu Auta na buɗe ido sai ta tarar Mama ta yi nisa.

Satin farko Baba ya gwada girki. Ya ƙona ƙwai, ya ƙona tukunya, yara suka makara sau uku. Saboda haka ran Lahadi da la'asar, Auta na can maƙwabta tana wasa, Mama ta shiga kicin. Ta kwaɓa garin hatsin ots da madara da ƙwai, ta raba kwaɓin biyu. A ɗaya ta murje ayaba ta zuba zuma, don yara. Ɗayan ta bar shi ba zaƙi, domin likita ya hana Baba sukari. Ta zuba su cikin dogon tire ɗaya, kowanne da gefensa, ta gasa a obin. Da ya fito, samansa duk ya yi ja iri ɗaya.

"Baban Auta, saurare ni da kyau," in ji ta. "Dama naka, hagu na yara. Kullum ka yanka, ka ɗumama. Zai kai ku Juma'a."

"Ni za a koya wa dama da hagu? Shekara ashirin ina ɗora hannun riga, ban taɓa musanyawa ba."

Da tiren ya huce, Baba ya ɗauka zai sa a firij, sai ya tokari tukunya, ƙofar ta ƙi rufuwa. Ya zaro shi, ya juya, ya mayar. Ƙofa ta rufu, ya tafi abinsa.

Ran Litinin ya yanka wa yara na hagu, ya yanka wa kansa na dama, kamar yadda aka ce masa. Auta ta gutsira, ta tauna, ta daina taunawa.

"Yaya, ba zaƙi."

Yaya ta jawo gwangwanin sukari ta barbaɗa wa nata. "Abincin asibiti ne ya biyo mu gida. Kawo in sa miki."

Auta ta janye farantinta. "Mama ta san ina son ayaba."

"Mai marasa lafiya talatin a kanta, ke za ta tuna? Ci mu tafi, sarkin shagwaɓa."

Yaya da wasa ta faɗa, har ta manta kafin su kai bakin titi. Auta kuwa maganar ta zauna mata.

Shi Baba, lomar farko ya ji zuma ta ratsa shi har kunne. Ya lumshe ido. A ransa ya ce, ashe baiwar Allah nan ta tausaya mini. Bai ce wa kowa komai ba, kada a yi magana a janye alherin. Ran Talata ma har ƙari ya yi.

Auta ba ta sake ci ba. Kullum sai ta naɗe nata a takarda ta cusa cikin jakar makaranta, ta ce a hanya za ta ci. In Mama ta dawo da yamma, ba ta rugowa ta rungume ta kamar da. Daga zaune take ce mata sannu da zuwa.

Ran Laraba Mama na kakkaɓe jakar sai ga ƙunshi uku, na farko har ya bushe. Ta zauna a bakin gado, ta kira Auta.

"Autata, me ya hana ki ci?"

Auta ta sunkuyar da kai tana murza bakin rigarta. "Na marasa lafiya ne. Kin haɗa ni da su." Sai hawaye. "Yaya ta ce kin manta da ni."

Mama ba ta yi faɗa ba. Ta ɓalli ƙunshin ranar ta ɗanɗana. Ta tashi, Auta na biye da ita, ta buɗe firij ta ɗanɗani gefe biyu na tiren. Ana haka Baba ya shigo, tef ɗin awo rataye a wuyansa.

"Sannu da zuwa, mai shekara ashirin," in ji Mama. "Wa ya juya tiren nan?"

Baba ya dubi tire, ya dubi firij, ya sosa ƙeya. "Ƙofar ce ta ƙi rufuwa."

"Kwana uku kana shan zumar yara, ba ka ji ba?"

"Na ji mana. Na ɗauka so ne."

Yaya da ke bakin ƙofa ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Mama ta harare ta. "Ke ma zan dawo kanki, mai bakin tsiya. Kai kuma miƙo yatsa in gwada sukarinka, tun kafin so ya kwantar da kai. Daga yau zan jera yankan ayaba a saman na yara, ko makaho ya gane."

A gefen zaƙi yanka ɗaya tak Baba ya rage. Mama ta ɗumama shi, ta zaunar da Auta a kujera, ta ajiye mata. Auta ta gutsira a hankali. Ga ayaba, ga zuma.

"Wannan nawa ne?"

"Naki ne. Ayaba uku na sa, masu ɗigo-ɗigo, irin waɗanda kike so."

"Tun yaushe yake nan?"

"Tun Lahadi."

"Lokacin da nake wasa?"

"Lokacin da kike wasa."

Baba ya matso yana miƙa wuya. "Auta, ɗan sam mini ƙarshen, mu yi sallama da shi."

Auta ta kare farantin da hannu biyu. Ta cinye tas, ta dangwale ɓurɓushin da yatsa. A ranar ta gane cewa Mama ba ta manta da ita ba: tun kafin ta ji yunwa, Mama ta riga ta tuna da ita.