Tantabarun Abu Sakhar

"Ya gama jawabin, Ummu Rasmi?"

"Ina fa! Yanzu ma ya kurɓi ruwa, ya juya wata takarda."

Ta gyara wa tsohon maƙwabcinta matashi, ta juyo masa da talabijin. Tun safe likita ya ce a kira dangi, amma Abu Sakhar ba dangi yake jira ba. Fararen tantabarunsa yake jira. Duk taron sulhun da za a yi, wurinsa ake zuwa aronsu: a jera su cikin akurki a gaban manyan baƙi, a saki in an rufe jawabi. Jiya aka kwashe su zuwa wani taro a garin Ariha, ya ce ba inda za shi sai ya ga sun dawo gida Baitalahmi.

A talabijin wani babba mai farar sumar kai yana ta zuba: gadar fahimta, sabon babi, 'ya'yan Ibrahim. An yi tafi. Ummu Rasmi ta ja tsaki. Babin nan tun tana goyo ake buɗe shi, ga ta yau da jikoki.

"Kar ki zage shi, maƙwabciya," in ji Abu Sakhar, numfashi sama-sama. "Sana'arsa ce. Ni dai ya tausaya wa tsuntsaye, rana na dukansu."

"Kai ma da neman magana. Wa ya ce ka ba da su?"

"Kullum suna dawowa ai. Kafin baƙi su gama cin shinkafa, zaman lafiyar ya sauka kan rufina."

Ta yi dariya, hawaye na zubo mata. Ta ɗiga masa shayin na'ana'a a leɓe, ta buɗe tagar da ke kallon rufi. A gefen hoton talabijin ana hango akurkin, fuka-fukai na motsi a ciki.

"Daga ƙarshe," in ji babban. Ya ƙara da wani daga ƙarshen.

Da aka buɗe akurkin, ta juyo da murna ta gaya masa. Hannunsa ya riga ya saki bargo. Ta yi salati, ta rufe masa ido, ta kashe talabijin.

Bayan la'asar, mutanen unguwa na jera kujerun makoki a lungu, ta hau rufin da kwanon alkama. Tana watsa alkamar, tantabarun suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, kowace da ɗan koren ƙyallen taron ɗaure a ƙafa.