Fitilar da Baba Kunne Ya Toshe wa Baki

Tun ranar da Auta ta shigo layinsu da motar tana danna hon, Baba Kunne ya gane ta. Ba 'yar tasa ba, motar. Ruwan toka ce, da 'yar lotsawa a ƙofar baya, kuma shekara biyu da suka wuce ta kwana uku a garejinsa.

Shekara arba'in ya yi yana kanikanci kafin ciwon baya ya zaunar da shi a gida. Ana ce masa Kunne ne saboda ba ya buɗe bonet sai ya gama sauraro. Zai karkata kai, ya lumshe ido, ya ce, "Fulogi na uku ne," a buɗe a tarar haka ɗin ne. Abu ɗaya ne bai taɓa shiri da shi ba, wato 'yar fitilar nan ruwan ɗorawa mai siffar inji da ke kamawa a jikin mita in mota ta ji wani abu ba daidai ba. Shi a wurinsa sunanta 'yar gulma. Mota na tafiya lafiya lau, ita kuma ta kama tana tayar wa mai mota hankali. Saboda haka in ya duba ya rasa abin da take nufi, sai ya kwance mita, ya cusa mata 'yar baƙar roba ta ciki, ya mayar. Mai mota ya zo ya ga babu fitila, ya yi ta shi masa albarka.

Haka ya yi wa wannan motar, lokacin tana hannun wani dillali da ke son rabuwa da ita.

"Baba, saurara ka ji!" in ji Auta, ta bar injin a kunne tana dariya. Ungozoma ce a asibiti, kuma wannan ce motarta ta farko. "Sai da na ce wa dillalin, ka yi hankali, ubana da kunne yake kama ƙaryar mota."

Baba Kunne ya karkata kai, ya lumshe ido. Ya so ya faɗa mata gaskiya. To amma ta ina zai fara? A gaban maƙwabta da suka fito kallo, a gaban jikarsa da ke ta tsalle a kujerar baya? Sai ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Allah ya tsare hanya."

Wata huɗu yana cewa gobe zai karɓi makulli ya ce zai duba mata mai, ya cire robar a ɓoye. Amma ya san yana cirewa fitilar za ta kama, Auta kuma za ta tambaya. Goben nan dai ba ta zo ba.

Ran wata Talata da hantsi ta kira shi a waya. An kira ta asibiti, naƙudar wata mata ta yi gardama, motar kuma ta mutu mata a tsakiyar babban titi. Tun jiya take shaƙewa, yau ta yi tari biyu ta tsaya, wata tirela ta bi ta gefenta har ta tafi da madubi. Ta bar motar ta hau babur. Matar dai ta sauka lafiya, a hannun wata.

"An jawo ta wurin mai na'urar duba mota, Baba. Don Allah ka zo ka tsaya min, kar a raina min hankali."

Da zai iya cewa bayansa ya tashi da ya ce. Ya zura takalmi ya tafi.

Garejin mai na'ura bai yi kama da gareji ba a idon Baba Kunne. Daɓen siminti a share, sifanu a rataye jere bisa girma, ko ɗigon baƙin mai babu. Mutumin kansa zai yi shekara arba'in da wani abu, ga tabarau, ga sanyin magana. Da ya ga tsohon sai ya russuna.

"Baba, ai na san ka. Motar mahaifina ma kai kake gyara masa. Sannu da zuwa."

Auta ta kalli ubanta tana murmushi, irin na wadda aka yabi nata. Shi kuwa ya kawar da kai gefe.

Mai na'ura ya zauna a kujerar direba, ya laluba ƙarƙashin sitiyari, ya jona wata waya, ɗaya bakin kuma a jikin na'urarsa da ba ta fi tafin hannu biyu ba. Ya daddanna, ya ɗan jira, sannan ya girgiza kai.

"Hajiya, motar nan ta daɗe tana kuka. Ga tsohon ciwo nan, sensa ce mai auna hayaƙi, wannan ƙaramin abu ne, ana iya yawo da shi. Amma ga sabo: kwayil mai ba fulogi ɗaya wuta ya mutu. Fetur na wucewa ɗanye ya shiga salansa, ya ƙona matatar hayaƙin da ke ciki har ta toshe. Shi ya sa ta shaƙe. Ba ki ga fitilar inji tana ƙyaftawa ba? Ai in ta tsaya cak tana ci, cewa take a duba ni. In kuwa ta fara ƙyaftawa, cewa take a tsaya yanzu."

"Wallahi ban taɓa ganin wata fitila ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Mutumin ya cire makulli ya sake sawa, ya murɗa shi rabi ba tare da ya tayar da inji ba. "Ku matso ku gani. In aka murɗa haka, duk fitilun mita sukan kama tare, su nuna suna da rai. Ga ta batir, ga ta mai, ga ta birki." Ya ɗora yatsa a kan wani wuri baƙi. "Nan fa? Nan ne gidanta. Ko ta mutu, ko an kashe ta."

Baba Kunne ya gyara tsayuwa. Ya ce, "Wataƙila ƙwan ne ya ƙone."

"Yanzu za mu gani, Baba."

Sukurori huɗu ne ke riƙe da mitar. Baba Kunne ya san su, ya san ma na hagu na ƙasa ya ɗan cinye kai, domin shi ya cinye shi. Yana tsaye yana kallo aka kwance su ɗaya bayan ɗaya, ga ƙofa a buɗe a bayansa, amma ya kasa ɗaga ƙafa. Mai na'ura ya zaro mitar, ya buɗe bayanta, ya sa ɗan tsinke ya ƙwaƙulo wani abu baƙi, ya ajiye a kan bonet.

"Ga shi. Toshe ta aka yi. Baki ɗaya gare ta, da shi take faɗin ƙaramin ciwo, da shi take faɗin babba. Wanda ya rufe ta don ƙaramin ya rufe har da babban."

Auta ta fashe. Ba ta da yawan faɗa, amma yau tsoron da ta sha a titi ne ya fito.

"Wane marar imani ne wannan? Da 'yata nake yawo a motar nan! Da tirelar nan ta matso taku ɗaya fa? Kuma makanike ne, ya san abin da yake yi. Baba, ka ji irin mutanen da suka ɓata muku sana'a? Allah ya isa tsakanina da shi, ko wane ne!"

Mai na'ura ya ce, "Yi haƙuri, Hajiya." Kunya ta rufe Baba Kunne tun daga kai har ƙafa, ji yake da ƙasa za ta tsage da ya gode mata.

Auta ta ɗauki robar don ta jefar, sai hannunta ya tsaya. Ta juya ta, ta goge ƙurar da babban yatsa. Ba yankan banza ba ne. Zagaye ce, da 'yan kunnuwa biyu masu tsini a sama, kan mage sak.

Tana da shekara takwas, duk ranar da babu makaranta takan bi shi gareji. Don kar ta taɓa abin da zai ji mata ciwo, sai ya ba ta almakashi da tsohuwar robar taya ya ce ta yanka masa ƙanana, aiki yake da su. Ita kuwa ta ce zagaye zalla ba kyau, sai ta yi musu kunnuwa. Hutu guda ta yi tana yanka, har ta cika masa gwangwanin madara fal, ya ɗaga ta sama ya ce ita ce babbar ma'aikaciyarsa.

Ba ta kalle shi ba. Ta dunƙule robar a hannu ta ce wa mai na'ura, a hankali, "Ba komai. A gyara kawai. Ba mu san wanda ya yi ba."

Rufa masa asirin da ta yi ya fi zagin ciwo. Baba Kunne ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

"Ni ne," ya ce. "Ɗana, aikina ne. Kuma tun ranar da ta kawo ta gida na gane motar, na yi shiru."

Mai na'ura ya sunkuyar da kai, ya shiga neman wani abu a akwatin kayan aiki wanda bai ɓata ba.

Auta ta kalli ƙasa. Da ta ɗago, idanunta sun yi ja, amma babu faɗa a muryarta.

"Na janye abin da na ce, Baba. Ka yafe min." Ta buɗe tafinta tana kallon kan magen. "Ni fa duk a zatona taimakonka nake yi."

Ya so ya ce ita ce za ta yafe masa, amma ta riga shi. Ta kamo hannunsa, ta sa masa robar a ciki, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Gwangwanin yana nan?"

"Yana nan."

"Saura nawa a ciki?"

Baba Kunne ya kalli titi, inda motoci ke wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da iyalinsa a ciki.

"Uku," ya ce.