Kotu Ta Wanke Mai Wanki

Shekara goma mai wanki ya yi yana yi wa gidan wani ɗan kasuwa wanki da guga. Bakinsa ne ya ja masa. Ya ɗaga wata rigar maza a gaban maigidan, ya ce wannan ai ta yi masa kaɗan, ko ta baƙo ce aka haɗo?

Ba a yi sati ba matar gidan ta kai ƙara, wai ya nemi yi mata fyaɗe ranar Talata. Ya yi wata huɗu a tsare kafin katin asibiti ya nuna a ranar yana can ana ɗaure masa hannun da dutsen guga ya ƙona. Ta amsa sharri ta yi masa, aka ɗaure ta wata shida.

"Kotu ta wanke ka," in ji alƙali.

Ya koma shago. Sati uku igiyar shanya ba ko ɗan kwali.

"Haƙuri, Yaya, ai an wanke ka," in ji ƙanwarsa.

Ya nuna mata farar rigarsa mai tabon tawada a aljihu. "Wannan ma sau uku na wanke ta."