Ɗanwaken Bayan Katanga

"Wannan kaza ce, ai ba nama ba ne," in ji mai shawarmar, yana nuna ƙarfen da ke juyawa a bayansa da bakin wuƙa.

Tahir ya waiga ya dubi 'yar wansa. Sundus ta riga ta ja gefen mayafinta ta toshe hanci. Shekarunta goma sha biyar, amma abayar da aka ɗinka mata bara ta zama kamar an rataye ta a jikin ƙusa.

"Ma abga, ya ammi," ta ce, wato ba ta so. Tun rasuwar mahaifinta ba ta ƙara amsa wa kowa da Hausa ba. A yi mata Hausa, ta mayar da Larabci, shi ma a gutsure.

Rumfa ta uku ke nan tun da suka shigo malahi, filin wasannin yara, bayan la'asar. Wurin wasan ya cika maƙil da iyalai, don hutun makaranta ne. Jirgin ƙasan yara yana ta kewaye yana busa, motocin karo suna ta gwabzawa da juna, can sama kuma 'yan mata na ta ihu a cikin lilon da ke juya mutum kai ƙasa. Ko'ina ka juya ƙanshin suya ne. Ga wanda ke cin nama, aljannar duniya ce. Ga Tahir kuwa, yau ta zame masa filin neman allura a cikin rairayi.

Wata goma ke nan da rasuwar wansa Usmanu, wata goma kuma ke nan Sundus ba ta sa nama a baki ba. Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Ba ta cin abin da nama ya taɓa, ba ta cin abin da cokalin nama ya taɓa, ba ta son albasa, ba ta son tumatir, ba ta son abu mai tsami. Burodi da shayi da kokwamba, su ne suka riƙe ta. Babban wansu Abdulfattah, wanda take zaune a gidansa a unguwar Aƙiƙ ta Madina, ya gaji da lallashi.

"Yarinyar da za a sa wa tiren shinkafa da rago a gaba ta kau da kai, iska ce a jikinta," ya ce wa Tahir a waya. "Na yi magana da wani mai ruƙiyya. Gobe Asabar."

Tahir ya san mutumin. Ya taɓa raka wani abokin aikinsa can, ya ga guntun tiyo rataye a bayan ƙofa, ya kuma ji abin da ake yi da shi. Shi ya sa da aka tashi aiki a garin Yanbu ya kamo hanya bai ko sauya kaya ba.

"Yaya, ka ba ni ita yini ɗaya."

"Ka yi me da ita?"

"In kai ta inda take so. Idan ta ci abinci ta ƙoshi a gabana, a bar zancen gobe."

Abdulfattah ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "In ta ci, ka nuna min a waya in gani da idona."

Da aka tambaye ta inda take so, wannan malahin ta ambata. Nan mahaifinta ke kawo ta duk hutu.

* * *

A rumfar dankali, Tahir ya ji zuciyarsa ta ɗan kwanta. Dankali dai a ƙasa yake fitowa, ba shi da uwa ba shi da jini. Ya karɓo babban kofi, yana zafi, ya miƙa mata. Ta kai hanci sau ɗaya, ta leƙa bayan kanta, ta nuna masa kaskon. A cikin man nan ɗaya ake tsoma kaza da dankali.

Mai ɗa'amiyya, ƙosan Larabawa, da matsamin da yake juya hanta yake kwashe ta. Mai fiza ya ce babu damuwa, zai tsince naman da hannunsa. Mai balila, dafaffen wake ne tsantsa, Tahir har ya fara godiya ga Allah, sai mutumin ya kwarara ruwan tsami a kai kafin a buɗe baki.

"Haba 'yar Baffa," ya ce, suna zaune a kan wani benci, kayan ciye-ciye sun taru a gefensa kamar mai shirin buɗe tasa rumfar. "Ko akuyar Innarmu ba ta kai ki zaɓe ba. Ita ko kwali aka ba ta tana ci."

Gefen bakinta ya ɗan motsa. Ta ɗauki gugguru ƙwaya uku, ta tauna a hankali, ta ajiye sauran.

Wayarsa ta yi ƙara. Abdulfattah ne ya turo saƙo: "To, likita?"

Tahir ya mayar da wayar aljihu. Rana ta fara ja, inuwar babban lilon nan mai kama da ƙafar keke ta miƙe har ƙafafunsu. Ya dubi wuyan hannun yarinyar, siriri kamar kara, ya tuna tiyon nan.

"Hau wancan ki jira ni," ya ce. "Zan leƙa waje. In na dawo hannu rabbana, ki ce ba ni ne Baffanki ba."

* * *

Mai gadi ya buga masa hatimi a bayan hannu don ya iya dawowa. Ya bi gefen katanga yana neman ko da ɗan kanti. Sai da ya kai ƙarshen wurin ajiye motoci, inda fitilu ba su kai ba, ya ji Hausa.

Mata ne huɗu zaune a kan kwalaye, kowacce da kularta. Mai gyaɗa, mai zoɓo, mai dafaffiyar masara. Ta huɗun tana sanye da niƙabi, hannunta ɗaya a kan mariƙin kula, idonta a kan titi.

"Sannunku da aiki. Akwai mai abin da babu nama a ciki? Ko romo, ko ɗanɗano na kaza, ko kaɗan."

"Ga mai ɗanwake can," in ji mai zoɓo. "Ita nama ko a mafarki."

Matar ba ta motsa ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, a hankali, "A'a. Mijin nawa ne yau a gari?"

Mutum ɗaya ce a duniya ke kiran Tahir haka. Tun yana saurayi, ranar da aka kawo ta gidan Usmanu daga Chadi, take tsokanarsa da wasan matar wa da ƙanin miji.

"Yaya Ƙaltume?"

"Ashe ba ka manta muryar ba. Na zaci saki uku ka yi min ba takarda."

Ya tsuguna a gabanta, ya rasa ta inda zai fara gaisuwa. Abin da ya sani shi ne abin da aka faɗa masa a waya: ta gama takaba, an mayar da gidan haya, yarinya ta koma dangin uba kamar yadda aka saba, ita kuma ta tafi wurin 'yan'uwanta. Ya ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri, ya koma bakin aikinsa. Bai taɓa tambayar waɗanne 'yan'uwa ba.

"Ina kike zaune?"

"Bayan titin Sultana. Mu huɗu a ɗaki, ni da waɗannan bayin Allah."

"Takardunki na zama fa?"

"Suna wurin Yaya Abdulfattah. Ya ce zai gyara." Ta gyara zaman kular. "Na je ganin Sundus sau biyu. Aka ce zuwana yana tayar mata da hankali, in bari ta saba."

"Me ya kawo ki nan, duk faɗin Madina?"

"Nan babanta ke kawo ta. Na ce wata rana wani zai tuna." Sai ta ɗago da sauri. "Tana ciki?"

Ya gyaɗa kai. Ya faɗa mata komai, har da zancen gobe. Ta buɗe kula, tururi ya taso da ƙanshin kuka da kanwa. Ta tsamo ɗanwake ƙanana ƙanana, ta zaɓe manyan ta mayar. Ta zuba man gyaɗa, ta barbaɗa yaji daga wani ƙullin leda dabam, ba wanda take zuba wa masu saye ba. Ba albasa, ba tumatir. Ta yanka kokwamba siriri ta jera a gefe.

"Ba za su bar ka ka shiga da shi ta ƙofa ba. Bayan motocin karo akwai inda katanga ta zama ƙarafa. Nan ma'aikatansu ke saye a wurina. Je ka jira ni." Ta riƙe robar ba ta saki ba. "Amma kar ka ce ni ce. Kar ta gan ni a bakin titi."

* * *

Haka Tahir, magidanci mai shekara arba'in, ya tsaya a bayan motocin karo yana waige-waige kamar ɓarawon kaza, har hannu ya zuro roba ta tsakanin ƙarafa. Ya ɓoye ta a ƙarƙashin shimaginsa, ƙyallen da ya yafa a ka, ya koma benci.

Sundus ta buɗe robar da yatsu biyu, irin buɗewar wanda ya riga ya shirya cewa a'a. Ta sunsuna. Ta tsaya. Ta ɗauki ɗaya ta sa a baki, ta daɗe ba ta haɗiye ba. Ta ɗauki na biyu, na uku. Tahir ya zaro waya a hankali, ya kira Abdulfattah ta bidiyo ya juya masa fuskar wayar.

Ba ta ko lura ba. Ta ci har ta ga gindin roba, ta sa yatsa ta suɗe man da yajin. Sannan ta ɗago, ta dube shi ido cikin ido.

"Baffa, wa ya dafa wannan?"

Da Hausa ta faɗa, tsaf, kamar ba ta taɓa ajiye ta ba.

"Wata mata ce a waje."

"Yajin nan babu citta a ciki. Mutum ɗaya ke daka min yaji babu citta." Ta miƙe. "Ina take?"

Idonsa ya riga ya tafi wajen motocin karo. Ta kwasa da gudu. Ya bi ta, wayar na hannunsa a kunne.

Ƙaltume ba ta tafi ba. Tana raɓe a jikin ginshiƙi tana leƙe, da ta ga an nufo ta sai ta juya. Hannun Sundus ya riga ta. Ya ratsa ƙarafan ya damƙi abayarta.

"Inna."

Suka rungumi juna da ƙarfe a tsakaninsu. Tahir ya kau da kai, ya tsura wa motocin karo ido kamar bai taɓa ganin irinsu ba.

Can ya ce, "Sundus, me ya raba ki da nama? Faɗa min, don Allah."

Ba ta saki abayar ba. "Kwana uku na zaman makokin Baba, kullum ana yanka. Tire yana wucewa ta ƙofar ɗakin Inna, yana zuwa wurin baƙi, yana dawowa da saura a zubar. Ba wanda ya ɗaga labule ya ce ga naki. Burodi da shayi ta ci. Ni aka zuba min, na ci, sai da na ƙoshi na shiga na gan ta." Ta goge ido da kafaɗa. "Tun ranar, in na ji ƙanshinsa, labulen nan nake gani."

Koren labule ne. Tahir ya tuna shi sarai, don shi ne ya yi ta ɗaukar tiren. Ya wuce ta gabansa ya fi a ƙirga, yana ta sauri kar baƙi su ce an bar su da yunwa.

Ya ɗago wayar. Fuskar Abdulfattah na nan, bakinsa a ɗan buɗe.

"Yaya, ka ga ta ci."

"Na gani."

"Ka kuma ji iskar da ke jikinta. A sallami mai tiyo." Tun da aka haife shi bai taɓa yi wa wansa magana haka ba. "Yanzu za mu biyo. A fito min da takardun Yaya Ƙaltume. Sashen Innarmu na sama a rufe yake tun da ta rasu, ni ma ina da rabo a gidan. Nan za su zauna, ita da 'yarta."

Jirgin yara ya yi busa sau biyu.

"Sai kun zo," in ji Abdulfattah, ya kashe.

* * *

Sun yi magariba a masallacin malahi, sannan ya kawo mota har gaban matan. Mai zoɓo ta yi guɗa ƙasa-ƙasa, ta cusa wa Sundus gora biyu a hannu. Sundus ta tambaya ko akwai citta, aka ce babu, ta shanye ɗaya a tsaye.

"To, mijina," in ji Ƙaltume tana shiga bayan mota, "ka dawo da ni ke nan, ko biko ne na kwana ɗaya?"

"Ki dai riƙa ajiye min ɗanwake. Nawa da albasa."

Ya ce ta kawo kular a sa a but, ta ce a'a, a bar ta nan. Suka hau titin Aƙiƙ, Sundus ta kwantar da kai a kafaɗar uwarta, robar da ta suɗe tana kan cinyarta, ta ƙi yarda a jefar. Kafin su kai shataletale na biyu barci ya ɗauke ta, barcin wanda ya ƙoshi.

A wata mahaɗa, motar masu kamen 'yan talla ta tsaya a gefensu, fitilarta na juyawa. Tahir ya duba madubi. Ƙaltume na zaune a cikin motar ƙanin mijinta, 'yarta a jikinta, gilashi a rufe, amma hannunta ya riga ya kai kan mariƙin kular, ƙafarta ɗaya ta juya wajen ƙofa.